Yadda Ake Tantance Haƙƙin Mallakar Littafi Kafin a Miƙa Shi Ɗakin Karatun Intanet na Masu Larurar Gani

Abin da ya fi sa a dawo wa ɗan sa-kai da littafinsa ba kurakuran rubutu ba ne. Shafi ɗaya ne tak da ya tsallake. Mutum zai shafe mako biyu yana sikanin ɗin littafi mai shafi 400, ya bi layi-layi ya gyara, amma ya bar shafin haƙƙin mallaka, shafin nan mai ƙananan rubutu da ke bayan shafin suna, don a ganinsa ba mai karanta shi. A wurin masu ɗakin karatu kuwa, wannan shafin shi ne katin shaidar littafin. In babu shi, ba su da hujjar da za su kare kansu da ita ranar da mai littafi ya zo da lauyansa.

Ɗakunan karatun da nake magana a kai iri biyu ne, kuma yawancin ruɗanin daga haɗa su ake samunsa. Akwai irin su Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a Amurka a 1971. Wannan kowa na iya shiga ya sauke littafi kyauta, saboda haka kusan duk abin da ke cikinsa littattafai ne da wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare. Akwai kuma irin su Bookshare, wanda ƙungiyar Benetech ta California ta buɗe a 2002. Shi yana karɓar littafin da aka buga ko bana ne, amma ba kowa ke shiga ba, sai wanda ya kawo shaidar cewa makaho ne, ko ganinsa ya raunana, ko yana da larurar da ke hana shi karanta bugaggen rubutu, ko ta hana shi riƙe littafi da buɗe shafi. A nan ana mayar da littafin sigar da na'ura za ta karanta da murya, ko ta ƙara girman harufa, ko ta fitar da shi a rubutun makafi na Braille.

Mataki na farko: san ƙofar da za ka bi, da dokar ƙasar da ke tsaron ta

Kafin ka ɗora littafi a kan na'urar sikanin, tambayi kanka: wannan littafin na kowa zan mayar da shi, ko na masu larurar gani kaɗai? Amsar ita ke nuna irin binciken da ke gabanka.

Idan ƙofa ta farko ce, aikinka shi ne ka tabbatar haƙƙin ya ƙare, ko mai shi ya yafe a rubuce. Idan ta biyu ce, ba a buƙatar haƙƙin ya ƙare, ba a ma buƙatar izinin marubuci, domin doka ta yi togiya. A Amurka togiyar ta samo asali ne daga gyaran doka na 1996 da ake kira da sunan Sanata John Chafee, wanda ya zama sashe na 121 na dokar haƙƙin mallakarsu. A matakin duniya kuma akwai Yarjejeniyar Marrakesh, da aka amince da ita a Maroko a watan Yunin 2013, ta fara aiki a Satumbar 2016. Nijeriya ta tabbatar da ita a 2017, sannan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta shigar da tanadin makafi cikin dokar ƙasa.

Sai dai togiyar nan tana da sharuɗɗa. Cibiyar da doka ta amince da ita ce ke rarraba littafin, ba don riba ba, ga waɗanda suka cancanta kaɗai, kuma ba a canza komai a cikinsa sai abin da sauya sigar ya tilasta. Dokar Amurka ta ƙara da cewa dole kwafin ya ɗauki sunan mai haƙƙin mallaka da shekarar da aka fara buga littafin. Ka ga dalilin da ya sa ake takura wa 'yan sa-kai a kan shafin nan. Ba tsirfar ma'aikata ba ce, doka ce ta ce.

Abu na biyu, ɗakin karatu dokar ƙasar da yake zaune yake bi, ba ta ƙasarka ba. Kana Kano ko Maradi ko Kumasi, in ɗakin na Amurka ne, da lissafin Amurka za a auna littafinka. Kai kuma da ke sikanin, dokar inda kake zaune tana kanka. Duka biyun za ka duba.

Tun a wannan matakin ka bincika kundin ɗakin da sunan littafi, da sunan marubuci, da lambar ISBN, wato lambar shaidar da ake ba kowane bugun littafi. Sau da yawa wani ya riga ka, ko kamfanin ɗab'in da kansa ya ba su fayil mai tsabta, aikinka ya zama wahalar banza.

Mataki na biyu: duba kwafin da ke hannunka

Ana son littafin da aka buga aka fitar wa jama'a, kuma ya zo hannunka ta halal: ka saya, an ba ka kyauta, ko ka aro a laburare. Kundin digiri da ba a buga ba, da takardun darasi da malami ke rabawa a aji, da rubutun hannu da ke ajiye a gidan wani, duk ba su shiga togiyar ba. Haka nan fayil ɗin da ka tsinta a zauren WhatsApp ko Telegram ba ka san asalinsa ba. Littafin lantarki da ka saya a shagon intanet ma yana da matsala, domin lokacin sayen ka amince da sharuɗɗan da suka hana ka miƙa wa wani. Jarrabawar da hukuma ke tsarewa kuwa, dokar Amurka ta cire ta daga togiyar kai tsaye.

Sai batun bugun jabu, wanda duk mai sayen littafin makaranta a kasuwanninmu ya sani. Alamominsa ba sa ɓuya: takarda shara-shara har kana hango rubutun baya, hotuna sun yi duhu kamar an yi fotokwafi, gam ɗin bango yana sakin shafuka tun buɗewar farko, wani lokaci shafin haƙƙin mallakar ma an cire shi ko ya dushe. Irin wannan ka ajiye shi, ka nemi na asali ko da aro ne.

Mataki na uku: karanta shafin haƙƙin mallaka kamar mai karanta takardar gado

A nan aikin yake, a nan kuma ya kamata ka zauna da biro da takarda. Buɗe shafin suna na ciki, ba bango ba. Bango talla ne, yakan taƙaita suna ko ya ƙara wani abu. Sunan da ke shafin ciki shi ne sunan littafin. Juya bayansa, ka kwafe abubuwa biyar: wanda ke da haƙƙin mallaka, shekarar haƙƙin, shekarar bugun farko, kamfanin ɗab'i da garinsa, da lambar ISBN idan akwai.

Mai haƙƙin mallaka shi ne sunan da ke bin alamar © ko kalmar "Copyright". Kada ka ɗauka marubuci ne kai tsaye. Wani lokaci kamfanin ɗab'i ne, wani lokaci ma'aikatar gwamnati ko jami'a, wani lokaci magadan marubucin ko wata gidauniya da aka kafa da sunansa. Akwai kuma marubucin da ya sa sunan alƙalami a bango, amma haƙƙin yana ɗauke da sunansa na yanka. Kwafe abin da ka gani harafi da harafi. In an rubuta sunan da kuskure, bar shi da kuskurensa, ka yi bayani a wurin sharhi. In sunaye biyu ne, sa duka biyun.

Shekara ita ce ta fi yaudara. Shafi ɗaya na iya ɗaukar shekaru shida, kowace da ma'anarta. A littattafan Turanci za ka ga "First published", wato bugun farko, sai jerin "Reprinted" da shekaru a gabansa. A na Hausa za ka ga "Bugu na farko", sai "An sake bugawa". Sake bugawa ba ya sabunta haƙƙin mallaka, maimaita abin da ke nan ne kawai aka yi. Littafin da aka fara bugawa a 1970 aka sake bugawa a 2009, haƙƙinsa na 1970 ne. Amma idan aka ce sabon bugu da gyare-gyare, ko aka ƙara babi, to za ka ga © da shekaru biyu ko uku a jere, kuma kowace tana kare abin da aka ƙara a lokacinta. Ka kwafe su duka, sannan ka duba ƙa'idar ɗakin karatun a kan wadda ake sa wa a gurbin shekara, don ba duka ke bin tsari ɗaya ba.

Za ka kuma ga wani layin lambobi a ƙasa, kamar 10 9 8 7 6 5 4. Ba shekara ba ce, ba lambar waya ba ce. Lamba mafi ƙanƙanta a jerin ita ke nuna karo na nawa aka buga, a wannan misalin karo na huɗu. Ba ruwansa da haƙƙin mallaka.

ISBN kuma shaidar bugu ce, ba shaidar mallaka ba. Mai bango mai kauri da mai bango mai laushi kowanne da lambarsa, kuma shafin yakan jera su duka, sai ka zaɓi wadda ta dace da lambar da ke bayan bangon kwafinka. Kafin 2007 lambar guda 10 ce, daga nan ta koma 13. A Nijeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayar da ita. Tsofaffin littattafai na kafin 1970 galibi ba su da ita, kuma wannan ba aibi ba ne. Kada ka ari lambar wani bugu ka liƙa wa naka don kawai gurbin ya cika.

Wani abin da mutane ke faɗawa: rashin alamar © ba ya nufin littafin ba shi da mai shi. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan haƙƙin mallaka, haƙƙi yana tabbata ne da zarar an rubuta aikin, ba sai an yi rajista ko an sa alama ba. Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya tana da tsarin rajista, amma na ganin dama ne, rashin samun littafi a can bai wanke shi ba.

Mataki na huɗu: lissafin wa'adi, ga mai bin ƙofar farko

Idan littafinka na masu larurar gani ne kaɗai, kana iya wuce wannan matakin. Idan na kowa ne, zauna da kyau.

A Nijeriya haƙƙin littafi yana ƙarewa ne shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubucin ya rasu. Ghana ma 70 ce, haka Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai. Mafi ƙarancin abin da Berne ta yarda da shi 50 ne, wasu ƙasashe a nan suka tsaya. In marubuta biyu ne, daga rasuwar na ƙarshensu ake fara ƙirga. Ka lura, ba shekarar bugu ake dubawa ba. Tsufan takarda da jan da ta yi ba hujja ba ne.

Ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka fara bugawa a 1934. Mutum zai ce littafin ya haura shekara 90, ai ya zama na kowa. Amma marubucin ya rasu a Janairun 1966, saboda haka a lissafin rasuwar marubuci wa'adin sai ƙarshen 2036. Abubakar Imam ya rasu a 1981, nasa lissafin ya kai ƙarshen 2051. Yawancin littattafan boko na Hausa da muke wa kallon na da can, har yanzu da masu su.

Amurka tata hanyar daban ce ga tsofaffin littattafai. Wanda aka buga kafin 1978, iyakar kariyarsa shekara 95 daga shekarar bugu, kuma ranar 1 ga Janairu ake sakin na kowace shekara. Littattafan 1929 sun fita a farkon 2025, na 1930 a farkon 2026, haka abin ke tafiya. Da wannan ma'aunin littafin 1934 zai kuɓuta a Amurka a farkon 2030, alhali a Nijeriya da sauransa shekara bakwai. Littafi ɗaya, hukunci biyu.

Akwai wata ƙofar baya da ƙwararrun 'yan sa-kai ke bi. Littafin da aka fara bugawa a Amurka kafin 1964, dole ne mai shi ya sabunta rajistarsa a shekara ta 28, in bai yi ba haƙƙin ya faɗi. Da yawa ba su sabunta ba. Don ganewa, ƙara 27 da 28 a kan shekarar bugun: littafin 1950 a bayanan 1977 da 1978 za ka neme shi. Jami'ar Stanford tana da rumbun bincike na sabuntawar littattafai a intanet, kundin rajistar ofishin haƙƙin mallakar Amurka na tsofaffin shekaru an yi sikanin ɗinsa, bayanan 1978 zuwa yau kuma suna shafin ofishin. Nema da sunan littafi, ka sake da sunan marubuci, ka sake da na kamfani, domin matar marubuci ko 'ya'yansa na iya sabuntawa da nasu sunan. Amma kada ka gwada wannan dabarar a kan littafin Zariya ko Landan. Tun 1 ga Janairun 1996 Amurka ta maido wa littattafan ƙasashen waje haƙƙinsu muddin a ranar suna da kariya a ƙasarsu ta asali, ko sun sabunta ko ba su sabunta ba.

Project Gutenberg ba ya barin ɗan sa-kai ya yanke hukunci shi kaɗai. Za ka aika hoton shafin suna da na bayansa, ko da bayan fari ne fat ba rubutu, su duba su ba ka shaidar wankewa, sannan ka fara aiki. Tsari ne mai kyau, kuma ko ɗakin da kake wa aiki bai tilasta ba, ina ba da shawarar ka aika shafukan biyu tun kafin ka taɓa sauran.

Mataki na biyar: baƙin da ke cikin littafin

Littafi ɗaya na iya zama gidan haya, kowane ɗaki da mai shi. Fassara tana da nata haƙƙin dabam da na asali: fassarar Turanci ta Shaihu Umar da Mervyn Hiskett ya yi ta fito ne a 1967, kuma lissafinta daga rasuwarsa ake yi, ba daga ta Tafawa Ɓalewa ba. Rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, da waƙoƙin 'yarsa Nana Asma'u, asalinsu na Larabci da Fulatanci da ajami sun daɗe da zama na kowa. Amma malamin jami'ar da ya tattara su, ya mayar da su boko, ya fassara, ya yi ta'aliƙi da gabatarwa, wannan gumin nasa ne, yana da kariya. Haka tatsuniya: ta kaka da kakanni ce, amma yadda wani ya zauna ya tsara ta a rubuce nasa ne.

Saboda haka ka duba gabatarwa, da zane-zane, da hotuna, da taswira, da hoton bango. A littafin da ya tara gajerun labarai ko waƙoƙin mutane da yawa, bayanin haƙƙin kan zarce zuwa shafin godiya a ƙarshen littafi. Wannan shafin ma dole ya shiga sikanin. Ga ƙofar farko, ko dai a cire sabon abin da aka ƙara, ko a nemo tsohon bugun da ba shi da shi.

Mataki na shida: littafin da ya ƙi faɗin komai

Duk wanda ya taɓa riƙe littattafan hikaya na kasuwar Kano ya san matsalar. Da yawansu marubucin ne ya buga da kuɗinsa. Ba shekara, ba ISBN, wani lokaci gargaɗi ne kawai cewa ba a yarda a juya labarin zuwa fim ba sai da izini, sai jerin sunayen shagunan da ake samun littafin. Na taɓa riƙe wani da shaidar shekararsa kaɗai ita ce ranar da marubuciyar ta rubuta a ƙarshen godiyarta.

Kada ka ƙirƙiri shekara. Duba ƙarshen gabatarwa da ta'aliƙi, duba bangon baya, duba shafin ƙarshe inda maɗaba'a kan sa sunanta. Nema a WorldCat, kundin da ya haɗa bayanan dubban laburarori, domin wasu jami'o'in Turai da Amurka sun tara littattafan Hausa sun yi musu rajista. Abin da ka samo daga waje, rubuta shi a wurin sharhi tare da inda ka samo shi, kada ka cusa shi cikin shafin littafin kamar a can yake. Masu tantancewa su za su yanke ko ya wadatar.

In marubucin yana raye, hanya mafi sauƙi ita ce ka neme shi. Yawancinsu in suka ji makafi ne za su amfana, ba sa ƙi. Amma "ba komai, Allah ya ba da lada" a waya ba izini ba ne a wurin ɗakin karatu. A samu takarda mai ɗauke da sunan littafin, da furucin cewa shi ne mai haƙƙin kuma bai sayar wa kamfani ba, da abin da ya yarda a yi, wato na kowa ne ko na masu larurar gani kaɗai, a ƙasa ɗaya ko duk duniya, sai sa hannu da kwanan wata. Maganar sayarwar nan tana da muhimmanci, domin marubuci na iya ba ka abin da tuni ya fita daga hannunsa ba tare da ya lura ba. In ya rasu, haƙƙin ya shiga gado, kuma ɗa ɗaya ba ya yafe rabon sauran.

Littattafan da ke da lasisin Creative Commons, wato izinin da mai haƙƙi ke ba kowa tun farko bisa wasu sharuɗɗa, kamar na yara da ke shafukan intanet na African Storybook da StoryWeaver, waɗanda akwai na Hausa a cikinsu, izininsu yana jikinsu. Kwafe nau'in lasisin daidai yadda yake, da sunayen marubuci da mai zane da mai fassara, domin ambaton su sharaɗi ne.

Mataki na bakwai: bayan sikanin, koma kan shafin

Manhajar da ke mayar da hoto rubutu ta fi yin ɓarna a wannan shafin, saboda ƙanƙantar harufansa. Alamar © takan koma @ ko O ko ta ɓace. 1968 kan zama 1988, lamba 1 ta zama harafin l, sifili ya zama O. A rubutun Hausa kuma ƙ da ɗ da ɓ sukan rasa lanƙwasarsu ko su rikiɗe su zama wata alama, sunan marubuci ya lalace. Ajiye littafin a gefe, fayil a gabanka, ka gwada su lamba da lamba. Idan kai mai larurar gani ne kana aikin da manhajar karanta allo, sa ta furta shekarar da ISBN ɗaya-ɗaya, ko ka nemi mai gani ya karanta maka wannan shafin kaɗai. Idan kuma kai ne mai duba aikin wani ba ka da littafin a hannu, ka ga shafin babu ko ya dagule, kada ka cike daga abin da shagon intanet ya rubuta, don shaguna ranar fitowar bugun da suke sayarwa suke sawa. Mayar wa wanda ya yi sikanin, ka gaya masa ainihin shafin da kake so ya sake.

Wajen cike fam ɗin miƙawa, abin da ke gurbin mai haƙƙi da gurbin shekara ya zama daidai da abin da ke cikin fayil ɗin. A wurin sharhi rubuta gajeren bayani: bugun da ka yi amfani da shi, inda ka samo kwafin, da duk wani abin da ya ɗaure maka kai. Sannan ka buɗe jaka a kwamfutarka da sunan littafin, ka zuba hoton bango, da shafin suna, da bayansa, da shafin godiya, da takardar izini idan akwai, da ranar da ka yi binciken sabuntawa da kalmomin da ka nema da su. In an dawo da tambaya bayan wata shida, lokacin littafin aron ya koma laburare, daga jakar nan za ka amsa.